Ƙanena, kada ka sayar da filin nan tukuna

Saƙonka ya iso, na gode. Ka ce da dare kana koyarwa a Islamiyyar unguwarmu a Agege, da rana kana koya wa 'yan kasuwar Mile 12 amfani da POS da manhajar banki. Digirinka na tattalin arziki ne, ba ka da NCE, kuma kana so ka sayar da filin gadonka ka zo Ingila ka yi mastas a fannin tsara darussa. Ka ce in faɗa maka gaskiya. To, ka dakata.

Masu ɗaukar aiki a wannan fanni, a nan da can, abin da suke fara cewa shi ne: nuna mana darasin da ka tsara. Takarda tana biyo baya. Kai kuwa aikin yana hannunka, ba ka dai rubuta shi ba. Ɗauki dattijon nan mai sayar da albasa da ake cuta da alat na bogi. Ka zauna da irinsa biyar, ka gano inda suke tuntuɓe: karatun saƙon ne, ko tsoron taɓa manhajar? Sai ka yanke abu ɗaya da kake so ya iya, wato ya duba kuɗin da ke asusunsa kafin ya ɗora wa mai saye buhu. Ka yi masa saƙon murya da Hausa a WhatsApp, kada ya wuce minti 3, da hoton allon waya ka zagaye wurin dannawa da ja. Bayan mako biyu ka koma ka ga wa ya iya, wa bai iya ba, ka gyara. Wannan bi da bi ɗin shi ake kira ADDIE a jami'o'in nan, kuma kuɗi mai yawa ake biya a koye shi. Ka yi irinsa uku, ka ɗora ɗaya a Moodle, manhajar ɗora darussa a intanet wadda kyauta ce, ka adana komai har da wanda bai yi kyau ba da yadda ka gyara shi.

Takarda ma tana da ranarta, kuma ana samunta a gida. Mai digiri irinka PGDE yake yi, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa, NTI ta Kaduna, tana bayarwa ta karatu daga nesa, haka jami'ar karatu daga gida ta NOUN, ba sai ka bar ɗalibanka ba. Daga nan ka zauna jarrabawar TRCN, hukumar da aka kafa da dokar 1993 don yi wa malamai rajista. Da wannan lasisi babu mai sake ce maka malamin lesin.

Batun Ingila kuma, ga abin da ejan ba zai faɗa maka ba. Bizar ɗalibi awa 20 kawai ta yarda ka yi aiki a mako lokacin karatu, kuma ta hana aikin kai da kai, alhali sabon shiga a wannan sana'a galibi da ƙananan kwangiloli yake farawa. Tun Janairun 2024 ɗalibin mastas na aji ba ya zuwa da iyali, ke nan maiɗakinka da yaron suna Agege kai kana nan. Wannan ya fi komai damuna. Na ga maza sun rame a kansa.

In ka zo, na fi so ka zo da tallafi. Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, tana biyan kuɗin makaranta da na zama, tana neman ƙwarewar aiki ta shekara 2, da alƙawarin komawa gida na shekara 2 bayan kammalawa. Koyarwar Islamiyya da ta kasuwa aiki ne, ka fara rubuta awanninka, ka karɓi wasiƙar shaida daga shugaban makaranta da sarkin kasuwa tun yanzu.

Ka turo min darasin albasar in ka gama, zan duba maka shi layi-layi. Ka gaida Hajiya, ka ce ina nan tafe da kira ranar Juma'a in Allah ya kai mu.