Me ya sa saniyar madara ke ramewa da ciwo bayan haihuwa?

Ka ce saniyarka tana haihuwa sai rama da ciwon hantsa. Abincin da take iya ci a makonnin farko ba ya ɗaukar nauyin nonon, sai jiki ya shiga narkar da kitse. Kitsen ya yi wa hanta yawa, sinadarin kiton, wanda hanta ke samarwa daga kitsen, ya taru a jini, fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta su yi rauni. Garkuwar jiki kuwa in ta tashi yaƙi, tana iya cinye sukarin jini sama da kilo 1 cikin awa 12, sinadaran da jiki ke fitarwa lokacin kumburi kuma su tsuke mata cin abinci.

Auna BHB, wato wani nau'in kiton, a jininta a mako biyun farko bayan haihuwa. In ya kai milimol 1.2 a lita, ɗura mata furofilin gilaikol, wani ruwa da jikinta ke mayarwa sukari, mililita 300 kullum, kwana 5. Zafin jiki in ya haura digiri 39.5 na Salshiyas, kira likitan dabbobi.