Aikin kamfanin caca a Malta: kada ka saki na hannu tukuna

Wani ɗan'uwa da ke aiki a kicin ɗin wani otel a Malta ya rubuto mana. An yi masa tayin amsa saƙonnin kwastomomi a wani kamfanin cacar intanet, albashin ya fi nasa, amma a ƙasan shafin kamfanin ya ga lasisin Curaçao, wani tsibiri a yankin Caribbean, ba na Malta ba. Yana tambaya ko takardunsa za su taɓu, da abin da zai gaya wa mahaifinsa.

Ɗan'uwa, tun 2004 Malta ta yi dokar cacar intanet, hukumar kula da caca ta ƙasar, MGA, ce ke ba da lasisi, kuma tana da rajista a shafinta da kowa zai iya dubawa. Ka nemi sunan kamfanin da ke kan kwantiraginka, domin sau da yawa ya bambanta da sunan shafin da 'yan caca ke gani. Curaçao kuwa ta shafe shekaru wasu 'yan kamfanoni ne ke riƙe da babban lasisi suna rarraba wa wasu, sa ido kaɗan ne. Sai a Disamba 2024 sabuwar dokarta ta fara aiki. Wannan ba ya nufin kamfanin na damfara ne, amma abin da ya shafe ka shi ne: shin yana da rajista a Malta, zai kuma sa ka a Jobsplus, hukumar ayyuka ta Malta da ake yi wa ma'aikata rajista?

Izinin zama da aikinka daga Identità, hukumar da ke ba baƙi takardun zama a Malta, a ɗaure yake da mai aikin da ke kansa yanzu. Kada ka ajiye aikin otel sai an amince da canjin a rubuce, ka riƙe takardar a hannu. In suka ce za su tura ka Manila, babban birnin Filifin, ka ƙi. A 2024 Shugaba Marcos ya haramta kamfanonin cacar intanet masu hulɗa da 'yan cacar ƙasashen waje a Filifin, bayan samamen da aka gano baƙi a kulle cikin gine-gine, an ƙwace fasfonsu.

Maganar Baba ita ta fi damuna. Lasisi gwamnati yake gamsarwa, ba ya mai da caca halal. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida a fili take. Kuɗin nan da su za a sayi hatsi a gidanku. Ka kira malamin da ka yarda da shi, ka bayyana masa aikin dalla-dalla, sannan ka gaya wa Baba gaskiya kafin ka sa hannu a kwantiragin. Ni dai shawarata, ka nemi aikin amsa kwastomomi a otel ko kamfanin jiragen sama, tunda Turancinka ya kai.