Hukuncin Ajiye Zomo A Cikin Gida, Tambaya Daga Makka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ina zaune a Makka wajen Shara Mansur, mai gidana ne yaje Jidda ya siyo wa yara zomaye guda biyu, toh muna ajiye su a cikin shigga, wato sashen gidan da muke zaune, suna yawo har falon da muke sallah. Shine Hajiya surukata tace najasa ne kuma mala'iku basa shiga gidan da ake ajiye dabba, wata maƙociyata kuma tace ai zomo naman daji ne baya halatta a tsare shi a cikin harami. Yanzu dai mun maida su sama kan sudahi, wato rufin gida, a cikin keji amma yara sai kuka suke. Dan Allah Malam meye gaskiyar magana?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar uwa Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya kika tambaya, ya ƙara wa Hajiya lafiya, ita ma tsoron Allah ne yasa ta yi magana.

Ajiye zomo a gida halal ne, ko don nama ko don yara su yi wasa dashi. Zomo dabba ce da ake ci a dukkan mazhabobi huɗu. Anas ɗan Malik, Allah ya yarda dashi, yace sun taso wani zomo a Marruz Zahran mutane suka bi shi har suka gaji, shi ya kama shi ya kai wa Abu Ɗalha ya yanka, aka aika wa Manzon Allah (SAW) da cinyoyinsa ya karɓa. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito, kuma wajen nan ba nesa daku bane, shine Wadi Fatima ta wajen Jumum. Batun yaro ya riƙe dabba don wasa kuwa, shi dai Anas ɗin yana da ƙane ƙarami Abu Umair mai ɗan tsuntsu da yake wasa dashi, Annabi (SAW) yana zuwa gidan yana tambayarsa labarin tsuntsun, bai taɓa cewa a sake shi ba.

Maganar mala'iku, hadisin kare da hoto ya ambata, ba'a sa zomo ko kyanwa ko tunkiya a ciki ba, mu ma baza mu ƙara abinda ba'a faɗa ba.

Sai najasa. Anan malamai sun saɓa, kuma gara ki san saɓanin don kada wata rana kiji wani malami a masallaci ya faɗi akasin nawa ki rikice. Malikiyya da muka tashi akai da Hanabila da mafi yawan malaman Saudiyya suke bi, duk sun tafi akan cewa fitsari da kashin dabbar da ake cin namanta mai tsarki ne. Hujjarsu Annabi (SAW) ya bada izinin yin sallah a garken tumaki, wanda duk ya taɓa shiga garke yasan babu inda zaka taka ba kashi, sannan ya umarci mutanen Uraina su sha nonon raƙuma da fitsarinsu da basu da lafiya. Shafi'iyya da Hanafiyya sun ce najasa ne. Ni abinda nake bada fatawa dashi shine na farko saboda hujjarsa tafi ƙarfi a wurina. Kenan in zomo yayi fitsari a kafet ko ɗan kashinsa ya maƙale a zanenki kika yi sallah, sallarki tayi, ba sai kin sake ba. Malikiyya sun sa sharaɗi ɗaya, kada dabbar ta zama tana cin najasa, saboda haka ki dinga rufe ƙofar hammam, wato banɗaki. Wani zai ce ai zomo yana cin kashinsa, eh gaskiya ne yana fitar da wani mai laushi ya sake cinyewa, haka Allah ya halicci cikinsa, kuma tunda kashin nasa mai tsarki ne wannan bai canza hukunci ba.

Amma fa abu ya zama mai tsarki daban, ya zama ba ƙazanta ba daban. Fitsarin zomo yana da zarni sosai, kuma Hajiya tana da haƙƙin ta yi sujjada a wuri mai tsabta. Ki ware wajen sallah ki naɗe sallaya bayan an idar. Zomo yakan zaɓi lungu ɗaya yana fitsari, in kika lura da lungun kika ajiye masa faranti mai faɗi da busasshiyar ciyawa a ciki zai saba dashi.

Maƙociyarki ita ma maganarta tana da tushe, ba daga kanta ta ƙirƙiro ba. Makka harami ce ba'a farauta a cikinta ba'a ma korar naman dajinta, kuma zomo a asali naman daji ne, har Sayyidina Umar ya hukunta wa mai ihramin da ya kashe zomo ya yanka 'yar ƙaramar akuya. Inda aka saɓa shine wanda ya mallaki dabbar a wajen harami sannan ya shigo da ita. Hanafiyya da Hanabila sun ce ya sake ta, Malikiyya da Shafi'iyya sun ce mazaunin Makka da baya cikin ihrami zai iya riƙe abinsa har ma ya yanka. Wannan na biyun nake ɗauka, balle naku daga Jidda aka siyo kuma a hannun masu kiwo aka haife su, babu wanda ya farauto su, in kika sake su a titin Makka kyanwowi zaki ba abinci kawai. Abinda zan ce dai, ranar da Alhaji ko wani a gidan ya ɗaura ihrami na Umra ko Hajji to ya bar su a gida yadda suke, kada ya yanka kada yasa a yanka masa sai ya sauke.

Yanzu bari in zo kan abinda yafi tayar min da hankali a tambayarki, wanda ke baki ma tambaya ba, wato kin maida su kan sudahi. Dan girman Allah in kina karanta wannan da rana ki tura yaro ya sauko dasu yanzu. Zomo baya gumi, ta kunnuwansa yake rage zafin jiki, da zafi ya haura digiri 30 ya fara shiga wahala, ke kuma kin san Makka lokacin zafi tana wuce 40 cikin sauƙi, balle kan siminti cikin kejin ƙarfe. Na taɓa hawa saman wani gida bayan azahar na tarar da zomo ya miƙe a ƙasan keji, kunnuwansa sun yi ja, hancinsa ya jiƙe yana numfashi sama-sama, na tsoma yatsa a kwanon ruwansa naji kamar ruwan shayi. Masu gidan mutanen kirki ne masu sallah, kawai basu sani bane, kafin la'asar ya mutu. Kuma zomo baya kuka kamar akuya balle ya tuna miki da kansa, shiru zai yi har rai ya fita.

Annabi (SAW) ya bamu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ta tsare ta bata ciyar da ita ba kuma bata sake ta taje ta nemi abinci ba har ta mutu. Malamai daga wannan hadisin suka fahimci tsarewa ba laifi bane matuƙar ana bada haƙƙi, laifin yana cikin sakaci. Toh kinga nan ne hatsarin yake a gareki, kashin da ya zuba a kafet bazai kai ki ga zunubi ba, amma rai biyu da aka bari a rana za'a tambaya.

Haƙƙinsu kuwa ba wani mai tsada bane. Ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ko wuri mai inuwa da iska, ruwa mai sanyi kullum, da ciyawa busasshiya wadda ita ce ainihin abincinsu, karas ɗan kaɗan ne ake basu, kada a cika su da burodi da ragowar shinkafa. Haƙoransu basa daina tsiro shi yasa komai suka samu sai sun gwaigwaya, ki ɗage wayoyin wuta da na caja daga ƙasa saboda su da kuma gobara. Ki hana yara ɗaga su ta kunne ko jefa su sama, bayansu baya da ƙwari, kuma ki dinga buɗe kejin suna zagayawa. In mace da namiji ne ki shirya, cikin zomanya wajen wata ɗaya ne kuma tana haifar da yawa, ko ki raba su ko a kai namijin wajen likitan dabbobi a fiɗiye shi, wannan ya halatta a dabbar da ake ci in akwai maslaha, an ruwaito Annabi (SAW) yayi layya da raguna biyu fiɗiyayyu.

Ita kuwa Hajiya kada ki je mata da "Malam yace kin yi kuskure". Ki bar ɗanta ya zauna da ita ya karanta mata cikin ladabi. In bayan haka har yanzu ranta baya so, ko warin yana damunta, ko wani a gidan yana da asma gashin yana taso masa, to ku kyautar dasu ga wanda yake da wuri, ko ku yanka ku ci, ku lallashi yaran, don ajiye zomo halal ne kawai amma kyautata wa uwa wajibi ne akan ɗanta. Kafin ku yanke shawara dai yau su kwana a ƙasa.

Wallahu a'alam.