Daga ina shari'ar Yahudawa ta samo asali?

Malam, ka tambaya ko daga Attaura kaɗai Yahudawa suke ɗaukar hukunci. A'a. A aƙidarsu, abu biyu aka ba Annabi Musa a Dutsen Sina'i: rubutacciyar Attaura mai littattafai biyar, da kuma bayaninta na baka, wanda malamai suka riƙa miƙa wa almajiransu. Malamansu sun ƙirga umarni 613 a cikin rubutacciyar.

Ga misalin da zai nuna maka muhimmancin na bakan. Sau uku Attaura ta ce kada a dafa ɗan akuya cikin nonon uwarsa. Daga nan malamai suka fitar da haramcin dafa nama da madara tare, da cinsu, da amfana da su, har ya kai masu riƙo da addinin suna raba tukwane. Ni dai ina ganin wanda bai san wannan ba, ba zai fahimci addininsu ba.

Wajen shekara ta 200 Miladiyya, wani babban malaminsu, Rabbi Yahuda Hanasi, ya tattara ruwayoyin bakan wuri guda da sunan Mishna, sannan malaman Falasɗinu da na Babila suka yi mata sharhi, wato Talmud. Amma Ƙara'awa, wata ƙaramar ƙungiya a cikinsu, ba su yarda da na bakan ba.