Zauren Tambaya da Amsa: Kuɗi, Doka da Siyasar Tseren Motoci na Formula 1

Assalamu alaikum Malam. An ce tun 2021 akwai iyakar kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe a shekara. To me ya sa har yanzu manyan nan ne ke cin kofi? Kuma hukuncin da aka yi wa Red Bull da ta tsallake iyakar, ba shafa mai ba ne kawai?

Wa'alaikumus salam, ɗan uwa. Dokar ta fara da dala miliyan 145 a 2021, ta sauko 140 a 2022, sannan 135 a 2023, ana ɗan ƙara wani abu saboda hauhawar farashi da kuma kowane tsere da ya haura 21. A 2026 an ɗaga ta zuwa miliyan 215, amma kada adadin ya ruɗe ka, domin an shigo da wasu abubuwan da a da ba a lissafa su a ciki.

Abin da ke wajen lissafi shi ne rabin amsar tambayarka. Albashin direbobi ba ya ciki. Albashin ma'aikata uku mafi tsada ba ya ciki, haka kuɗin talla. Ƙungiya mai hali za ta iya biyan direba duk abin da ya yanka, ta ɗauko gwanin zanen mota da kuɗin da ƙaramar ƙungiya ko a mafarki ba ta gan shi ba. Abin da ke ciki shi ne zane, ƙera kayan mota, albashin sauran injiniyoyi da kanikawa, da gyaran ɓarnar haɗari. Wannan na ƙarshen ya fi cin rai: direba ya daki katanga ranar Juma'a, kuɗin sabon fiffike da sabon ƙasan mota daga asusun inganta motar za a zare shi.

Sauran rabin amsar gini ne. Mercedes da Ferrari da Red Bull sun shigo zamanin dokar da masana'antu da na'urorin gwaji da suka gina lokacin da babu mai ce musu kul. Dokar ta hana su ƙara tazara, amma ba ta rushe abin da suka riga suka gina ba. Duk da haka ba za mu ce ba ta yi aiki ba. McLaren ta ɗauki kofin ƙungiyoyi a 2024, rabonta da shi tun 1998.

Batun Red Bull kuwa, hukumar FIA mai kula da dokokin tseren ta samu ta wuce iyakar 2021 da fam miliyan 1.86, kusan kashi 1.6 cikin ɗari. Duk abin da bai kai kashi 5 ba, dokar lokacin ta kira shi ƙaramin laifi. A Oktoban 2022 aka ci ta tarar dala miliyan 7, aka kuma rage mata kashi 10 na gwajin iska na wata 12. Tarar ba ta yi zafi ba, tunda ba daga cikin iyakar ake biyanta ba. Ragin gwajin ne hukuncin gaske, kuma sai an san yadda ake rabon kafin a gane.

Ana gwada ƙaramar siffar mota, kashi 60 na girman ta gaske, a ramin iska, inda iskar ba ta wuce gudun mita 50 a daƙiƙa. An raba shekara zango shida, ma'auni shi ne gwaji 320 a kowane zango. Lokacin da ƙungiyoyi suke goma, ta bakwai ce ke samun ma'aunin cif, zakara ta samu kashi 70, wato gwaji 224, ta ƙarshe kuma kashi 115, wato 368. Red Bull ta sauko daga 70 zuwa 63, kimanin gwaji 202. Ragi ne mai ciwo a takarda. A fili kuwa, ta ci tsere 21 cikin 22 a 2023, saboda motar da ta gina a kai ta riga ta yi wa kowa nisa. A ganinmu hukuncin ya zo a makare fiye da yadda ya yi sauƙi. Ƙungiyoyi na miƙa lissafinsu a ƙarshen Maris na shekara mai bi, bincike ya ci watanni, kafin a yanke hukunci an kusa gama wata kakar.

Ranka ya daɗe, ni dai abin da ya ɗaure mini kai shi ne a kori direba bayan ya gama tsere, wai saboda katakon ƙasan mota ya ci da milimita ɗaya. Milimita ɗaya me zai ƙara wa mota?

Ba katakon ne ke ƙara gudu ba, Malam, shaida ce kawai. Motar da ta fi kwanciya kusa da kwalta ta fi samun iskar da ke danne ta ƙasa, ta fi riƙe kwana. Kowane injiniya so yake ya kwantar da ita iyakar kwanciya. To amma idan cikinta ya bugi ƙasa ana tsakiyar kwana, iskar da ke bi ta ƙarƙashi ta yanke, riƙon ya tafi nan take. An kawo katakon a 1994, cikin matakan da aka ɗauka bayan rasuwar direba Ayrton Senna a tseren Imola ta Italiya, don a tilasta wa ƙungiyoyi ɗaga mota. A dokar 2025, kaurinsa milimita 10 ne yana sabo, kuma bayan tsere dole a samu aƙalla 9 a ramukan da ake aunawa. Yanzu ba itace ba ne, haɗin gilashi da roba mai tauri ne, da ƙananan farantai na ƙarfen titaniyom a jikinsa. Su ne ke ba da tartsatsin nan da ake gani da dare.

Inda ake faɗawa rami shi ne lissafin ranar gwaji. Mota na tashi da mai har kilo 110 a dokar da aka yi aiki da ita zuwa 2025, nauyin na ƙara danne ta a zagayen farko. Hanya mai gargada na ƙara goga. Juyin iska ma na canja yawan dannawar a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya. A Austin ta Amurka a 2023 duk waɗannan suka haɗu: makon gajeren tsere ne, gwajin awa ɗaya tak aka yi kafin a kulle motoci a hana taɓa saitinsu. Aka auna motoci huɗu, biyu suka faɗi, Lewis Hamilton ya rasa na biyu, Charles Leclerc ya rasa na shida. Ƙorafin da muke ganin yana da tushe shi ne, idan rabin waɗanda aka auna sun faɗi, sauran da ba a auna ba fa?

Dokar ƙirar mota ba ta duba niyya. Ko ka amfana ko ba ka amfana ba, kora ce. Haka George Russell ya rasa nasarar Beljiyam a 2024 saboda motarsa ta gaza kilo 798 da kilo ɗaya da rabi, haka Sebastian Vettel ya rasa na biyu a Hangari a 2021 saboda ba a iya zuƙo lita ɗaya ta samfurin mai daga tankinsa ba.

Malam, me ya sa ake mayar da direba baya a layin tashi don an canja masa inji? Ai ba laifinsa ba ne.

Ba laifinsa ba ne, 'yar uwa, amma shi kaɗai ne wurin da hukunci ke kamawa. A da masu kuɗi kan sa sabon inji kusan kowace rana, har da na musamman da ba ya wuce 'yan zagaye. Tara ba za ta hana su ba, don za su biya su wuce. Sai aka ƙayyade wa kowane direba adadi a kaka. A 2024, misali, huɗu-huɗu ne na injin mai, turbo da injinan lantarki biyu, sai bibbiyu na batir da na'urar sarrafa wuta. Karon farko da ka wuce adadin wani ɓangare, gurbi 10 baya. Na gaba gurbi 5. Idan jimillar ta haura 15, sai ƙarshen layi.

Shi ya sa ƙungiyoyi ke zaɓen inda za su karɓi hukuncin, su kwashe sababbin kaya gaba ɗaya a hanyar da wuce mota ke da sauƙi. Max Verstappen na Red Bull ya tashi na 14 a Spa ta Beljiyam a 2022, ya kuma ci tseren. Babu mai hankalin da zai gwada wannan a Monako.

Barka da aiki, Malam. Me ya sa ƙungiyoyi suka yi ta adawa da shigowar ta 11? Ashe ba ƙarin gasa muke so ba?

Mu 'yan kallo muke so. Su tukunya ɗaya suke ɗiba, kuma ƙarin cokali ragi ne ga kowa. Hukuma biyu ke riƙe da wasan: FIA mai doka da alƙalanci, sai kamfanin da ke riƙe da harkar kasuwanci, wanda Liberty Media ta saya a 2017. Abin da ya ɗaure su da ƙungiyoyi shi ne Yarjejeniyar Concorde, wadda aka fara sa wa hannu a 1981, kuma ita ke tsara rabon kuɗi. A 2023 abin da ƙungiyoyi goma suka raba ya ɗan haura dala biliyan 1.2. Ferrari na karɓar ƙari na musamman saboda daɗewarta, tana kuma da ikon hawa kujerar na-ƙi kan wasu sauye-sauyen doka.

Yarjejeniyar da ta fara aiki a 2021 ta ce sabon shiga zai biya dala miliyan 200 a raba wa tsofaffi. Kafin a je ko'ina darajar ƙungiyoyi ta tashi, iyakar kashe kuɗi ta mayar da sana'ar asara ta zama mai riba, sai miliyan 200 ta zama araha a idonsu. FIA ta amince da neman Michael Andretti na shigo da sabuwar ƙungiya a Oktoban 2023, ɓangaren kasuwanci ya ƙi a Janairun 2024. Da General Motors ta tsaya a gaba da sunan Cadillac, tare da alƙawarin ƙera injinta nan gaba, sai ƙofa ta buɗe, aka ba da amincewar ƙarshe a Maris ɗin 2025, kuɗin shiga kuma ya ninka na da har da ɗoriya.

Malam, umartar direba ya ba abokinsa hanya, halal ne a doka?

Halal ne. An haramta shi bayan abin da Ferrari ta yi a Ostiriya a 2002, da Rubens Barrichello ya sassauta wa Michael Schumacher dab da layin gamawa. Haramcin bai hana komai ba, ya koya wa injiniyoyi magana a dunƙule ne kawai. A Jamus a 2010 aka shaida wa Felipe Massa ta rediyo cewa Fernando Alonso ya fi shi gudu, ya kauce, aka ci Ferrari tarar dala 100,000. Daga 2011 aka soke dokar baki ɗaya.

Abin da ya fi wannan sarƙaƙiya shi ne taimako tsakanin ƙungiyoyi biyu masu ubangida ɗaya. Red Bull ta sayi Minardi a 2005, ita ce ta zama Toro Rosso, AlphaTauri, yanzu Racing Bulls. A Singafo a 2024 ƙaramar ƙungiyar ta kira Daniel Ricciardo, wanda ke can baya, ta sa masa sababbin tayoyi masu laushi a ƙarshen tsere, ya yi zagaye mafi sauri, wanda a lokacin ake ba wa maki ɗaya. Shi bai samu maki ba, don ba ya cikin goman farko, amma ya raba Lando Norris na McLaren da maki ɗaya alhali Norris na bin Verstappen na Red Bull a neman kambu. Babu dokar da aka karya, kuma ƙungiyar ta ce kyautar bankwana ce ga direbanta. Shugaban McLaren, Zak Brown, ya daɗe yana cewa bai kamata kamfani ɗaya ya mallaki ƙungiyoyi biyu ba. Makin zagaye mafi sauri dai an cire shi daga kakar 2025, mallakar kuma tana nan yadda take.