In sayi gurbin aiki ko in sayi kwamfuta?

Tambaya: Malam, na karanta tattalin arziki a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wata tara ke nan da gama bautar ƙasa, ina zaune gida. Na tara naira dubu 350 daga alawus. Wani ya ce yana da hanya a Abuja, in kawo dubu 300 a sa sunana a wata hukumar tarayya. Yayana kuma ya ce in sayi kwamfuta. Wanne zan yi? Daga wani matashi a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Ƙanena, riƙe kuɗinka da kyau. Ba zan ce maka ba a cinikin gurbin aiki a ƙasar nan ba, don a 2023 har kwamiti Majalisar Wakilai ta kafa ya binciki lamarin. To amma mai wannan ciniki ba ya ba da rasit. In ya cinye, wa za ka kai wa ƙara, alhali kai ma cin hanci ka bayar? In ma takardar ta fito, an sha gano masu takardun ɗauka na jabu a cire su daga tsarin albashin gwamnatin tarayya na IPPIS bayan sun fara aiki. Hukumar da ke ɗaukar jami'an Sibil Difens, Shige da Fice, gidajen gyaran hali da kashe gobara a shafinta na intanet ake cike fom, kuma kyauta ne. Duk wanda ya ce ka tura kuɗi asusunsa kafin dare, ai ka san inda ya dosa.

Shawarar yayanka ta fi, sai dai da sharaɗi. Na ga samari da yawa sun sayi kwamfuta ta ƙare a kallon ƙwallo. Kafin ka saya, ka san aikin da za ta yi maka. Ga mai karatu irin naka, manhajar lissafi ta Excel ce kan gaba: ka iya tsara lissafin shiga da fita, ka iya fitar da taƙaitaccen rahoto daga dogon jerin alƙaluma. 'Yar Beljiyam ta ishe ka, mai ƙwaƙwalwar aiki (RAM) 8GB da ma'ajiya mai sauri (SSD). Ka tafi da wanda ya san kanta, a cire caja a gabanka, ka zauna shagon awa guda ka ga yadda batirin ke sauka. Ka sa hannu wajen fankar ka ji ko tana ɗaukar zafi, don wadda ke huci a watan sanyi ba za ta kai Afrilun Sakkwato ba. Kada ka zuba duka kuɗin a kanta. Bar na data da na mashin, neman aiki shi ma yana da cefane.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne wayar da ke aljihunka. UNICEF na da ofis a garin nan, akwai kuma ƙungiyoyin da ke aikin lafiya da abinci mai gina jiki a ƙananan hukumomi. Su da abokan aikinsu kan ɗauki masu tattara bayanai na 'yan kwanaki ko makonni, da manhaja irin KoboCollect ko ODK a wayar Android. Kyauta ake sauke su, kwana biyu sun isa ka gane kansu. Kuma kana da abin da ɗan Legas ba zai saya ba: in ka zauna gaban tsohuwa a Gwadabawa ta ce maka "mi kaka so?", ka san yadda za ka amsa ta saki jiki. Aikin mako biyu ne, amma shi ke cike wancan fili na gogewa da ke fanko a CV ɗinka, kuma shugaban tawagar da ya ga ƙwazonka shi zai kira ka gaba.

Sannan ka fita, zomo ba ya kamuwa daga zaune. Dillalan albasa da hatsi a kasuwar Kara na juya miliyoyi, wasunsu lissafin yana cikin littafi da ƙwaƙwalwa. Ka sami ɗaya ta hannun wanda ya yarda da shi, ka tsara masa lissafin wata guda. Haka 'yan kwangilar da ke hulɗa da kamfanin siminti na BUA a Kalambaina. Idan za ka je wurin manya, kada ka ce "a taimaka mini da aiki", sun ji wannan sau ɗari. Ka ce ga abin da na iya, wa kuka sani da ke buƙatarsa?

Tambaya: Ina da NCE daga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari. Wata makarantar kuɗi ta ba ni koyarwa, albashin bai taka kara ya karya ba. In karɓa ko in jira na gwamnati? Daga wata 'yar'uwa a Arkilla.

Amsa: Malama, ki lissafa kuɗin Keke Napep na wata. In akwai saura bayan an cire, ki karɓa, don karɓar ba ta hana ki cike fom ranar da gwamnati ta buɗe ɗauka. Ki nemi su ba ki takardar ɗauka a rubuce, da ranar biya a ciki. Albashin farko kuma ki fara tara na rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, domin takardar shaidar malanta ce da ake tambaya wajen ɗaukar malamai, kuma sai an zauna jarrabawa a kwamfuta kafin a samu.