Amsa ga mai tambaya kan firosijural da OOP

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce kun yi zango guda kuna koyon harshen rubuta manhaja na C, yanzu an shigar da ku harshen Java, kuma har yau ba ka gane ainihin bambancin firosijural, tsarin C, da OOP, tsarin Java mai gina manhaja a kan objek, ba. Ni ma sai da na sha wuya kafin abin ya zauna min.

Shekarun baya na rubuta wa wasu 'yan adashe a Kasuwar Barci wata 'yar manhaja da C. Na bi tsarin mataki-mataki, wato firosijural: karɓi zubi, rubuta, tara, ba mai kwasa. Sunaye da kuɗin kowa suna zube wuri guda, kowane fankishin, wato guntun manhaja mai yin aiki guda, yana iya kai hannu ya taɓa. Da farko lafiya lau. Da uwar adashen ta ce a sa tarar makara, sannan a ba wasu damar yin hannu biyu, sai lissafin wata baiwar Allah ya rikice. Kwana uku ina neman inda aka zaftare mata kuɗi, ashe fankishin biyu ne ke cire tara ɗaya. Wallahi na ji nauyin abin, don haƙƙin mutane ne.

Da na sake rubuta ta da Java, sai kowane ɗan adashe ya zama objek mai zaman kansa. Kuɗinsa na cikinsa a kulle, kamar asusu, ba mai taɓawa sai ta ƙofofin da na buɗe: zuba, kwasa, ci tara. Kilas kuwa kamar ma'aunin buga bulo ne, kowane bulo da ya fito shi ne objek. Mai hannu biyu ya gaji komai daga ɗan adashe na gama-gari, na canza masa lissafin zubi kawai. To bambancin ke nan: ina bayanan suke zaune, kuma wa ke da ikon taɓa su.

Kada kuma wani ya ce maka C ta tsufa. Dennis Ritchie ya samar da ita a 1972, kuma har gobe da ita ake rubuta zuciyar Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. OOP ɗin ma ba sabon abu ba ne, tun harshen Simula na 1967 a Norway, Java kuwa sai 1995.

Ni dai in aikin layi hamsin ne ba na gina kilas. Ka ɗauki tsohon aikinka na C, ka duba waɗanne bayanai ne fankishin da yawa ke taɓawa, daga nan za ka fitar da kilas ɗinka na farko. In ka maƙale, turo shi mu duba tare.